Mai Gatarin Wuta

Bayan sallar la'asar ina zaune a rumfar mai gyaran waya a unguwar Diguel, sai Allah ya nufa na ji wannan zance.

"Gilashin kaɗai za ka canja, kada ka sabunta mini wasan nan da ke cikin wayar," in ji wani tela ga mai gyaran.

Wani direba da ke jiran tasa wayar ya leƙo. "Mai gatarin wuta ne jaruminka? Ai waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun rage masa ƙarfi tun Shawwal, kuma sun yi adalci, Malam. Sara ɗaya dodo ya faɗi, ina daɗinsa?"

"Shekara biyu ina haɗa masa sulke da layu, su kassara shi rana ɗaya?"

"Amma wanda bai sabunta ba, ba ya shiga fage da kowa. Da wa kake bugawa?"

"Da ƙanena Zakiru, yana Damagaram. Kowace Juma'a."

"Har yanzu?"

"Shi ya sabunta. Tun Shawwal ba mu haɗu ba."

"Ka kira shi mana."

"Mu ba ma hira sai cikin wasa."

Can telan ya dubi mai gyara.

"Sabuntawar nan, minti nawa take ɗauka?"