Sun Kashe wa Magini Kasuwa

A rumfar jiran mota, wani magini yana kallon ma'aikatan gwamnati suna jera duwatsu a gaɓar rafin da ambaliya ta zaizaye. Wata dattijuwa ta zauna gefensa.

"Sun kyauta," in ji ta. "Tunda suka yashe magudanar nan, ruwa ya daina shiga gidaje."

"Sun dai kashe min kasuwa, Inna. Ni magini ne. Da, kowace damina katangu na zubewa, ana rububina."

"Ji tsoron Allah, ɗan nan! Taka katangar fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ita ke fara zubewa."

"Bana fa?"

"Tana nan daram. Ko tabarma ba mu naɗe ba."

"To, Allah ya ƙara kashe maka kasuwa."

"Amin, Inna," ya ce, tun kafin ya ankara.