Mutumin da Ya Amsa Kiran Osselbec

Jawabin Likita Crispin Turrell a taron tunawa da Sir Jocelyn Osselbeck

Mai girma Bishop, mai girma wakilin Sarki a wannan lardi, Rabaran ɗinmu, shugaban majalisar ƙauye. Uwargida Venetia, ke da kika yi rashin miji. Piers, kai da ka yi rashin uba. Baƙinmu da suka ƙetaro teku daga Normandi ta ƙasar Faransa tare da Madam Ozenne. Sannan ku mutanen garin nan, duk wanda ya rufe shagonsa ko ya bar gonarsa ya zo: ina gaishe ku, ina yi mana gaisuwar rashi baki ɗaya.

An zaɓe ni in yi magana don na fi kowa daɗewa ina musu da mamacin. Tun muna makaranta muka fara, kuma har ya rasu bai taɓa shan magani yadda na rubuta masa ba.

Ya kasance mutum mai saurin fushi da saurin hucewa. Ya kasance alƙalin sulhu da zai yi maka faɗa a kotu da safe, da yamma ka ga an sauke maka itacen wuta a ƙofa. Ya kasance mai buɗaɗɗen gida: shekarar da kogi ya yi ambaliya, tsofaffinmu a zaurensa suka zauna, ƙarƙashin hotunan kakanninsa, har da karnukansu.

Amma abin da ya cinye rabin rayuwarsa yana nan kwance a hagunku, wancan jarumin da aka sassaƙa da dutse a kan kabarinsa, mai takobi a ƙirji. Turstin ke nan, kakan gidan Osselbeck, wanda ya ƙetaro tare da mayaƙan Normandi suka ci ƙasar nan kusan shekara dubu da suka wuce, aka ba shi wannan kwari. Kowa ya san haka. Abin da ba wanda ya sani shi ne daga ina ya taso. Jocelyn ya bi ɗakunan ajiyar tarihi har gashinsa ya yi fari. Uwargida Venetia ta taɓa ce min, “Likita, rayayye na aura, matattu suka ƙwace min shi.”

Daga ƙarshe ya samo sunan ƙauye, Osselbec, a gaɓar Normandi. Sai dai babu shi a kowace taswira. Ya zo asibiti ya tarar da ni ina duba mara lafiya, ya leƙo ya ce, “Crispin, haɗa kayanka. Wannan tarin ba zai kashe shi kafin mu dawo ba.”

Mun yi ta tambaya a gaɓar, ba wanda ya ce ya sani, har muka shiga wani ɗan gidan abinci a wani gari bisa tudu. Mai gidan ya tambayi sunansa. Da ya faɗa, hira ta tsaya. Wani ya ajiye cokali ya fita, ya dawo da magajiyar garin, Madam Ozenne, ga ta nan zaune. Ta dube shi ta ce, “Sake faɗa min sunan.” Ya sake. Ta ce, “Ku koma gida. Ku dawo bayan girbi, ranar da teku ke janyewa mafi nisa. Ku zo da takalman ruwa.” Ba ta ƙara komai ba.

Bayan girbi muka koma. Da hantsi garin duka ya sauko bakin teku, kowa cikin baƙaƙen kaya. Ruwa ya janye har ba a ganinsa, sai jiƙaƙƙen yashi da hazo. Muka bi su. Muna cikin tafiya sai duwatsu suka fara bayyana a jere: tushen bango, bakin rijiya cike da yashi, dakalin wata ƙofa da ciyawar ruwa ta rufe. Madam Ozenne ta ce, “Ga Osselbec, Sir Jocelyn. Kana tsaye a kasuwarsu.”

A nan ta ba mu labarin da iyayensu suka ba su. Turstin ya kwashe mazan ƙauyen kaf zuwa yaƙi, ya rantse zai dawo da su kafin a gama girbi. Ya ci nasara, ya samu ƙasa, bai dawo ba, bai kuma saki ko mutum ɗaya ba. Mata da tsofaffi suka kasa gyara ganuwar da ke tare teku. Da hunturu ruwa ya shigo. Waɗanda suka tsira suka hau tudu, kuma tun daga lokacin, kowace shekara, jikokinsu kan sauko su kira mazan da suka tafi.

Sai aka fara kira. Madam Ozenne ta fuskanci teku ta ɗaga murya: “Goscelin!” Aka yi shiru ana jira. “Turold!” Shiru. “Durand! Ansel!” Bayan kowane suna sai a saurara, kamar da gaske wani zai fito daga hazon. Na ga yara ƙanana suna miƙa wuya suna dubawa. Jocelyn ya riƙe min hannu har yatsuna suka mutu. Na san sunan da za a rufe da shi. Na raɗa masa, “Jos, don Allah ka yi shiru, ba kai ka yi ba.”

“Turstin na Osselbec!”

Ya cire hularsa ya ce, “Ga ni.”

Jama'a, ni likita ne, ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Tsuntsayen teku da ke ta kuka tun safe suka yi tsit. Sannan daga can cikin hazo, ta wajen ruwa, inda babu gini babu jirgi, ƙararrawa ta buga sau ɗaya. Na tambayi masunta daga baya ko akwai wata ƙararrawar jiragen ruwa a wajen. Suka ce babu, ba su kuma so in ƙara tambaya ba.

Wani tsoho ya fito daga cikin taron yana dogara sanda. Ya tsaya gaban Jocelyn, ya kama wuyan rigarsa, ba da fushi ba, ya ce, “To, ka zo. Ina sauran?”

A jirgin dawowa bai ci ba, bai sha ba. Muna ganin gaɓarmu sai ya juyo ya ce, “Crispin, wane suna aka kira na biyu?” Na ce, “Turold.” Ya ce, “Kai kuma sunan gidanku fa?” Na buɗe baki zan ce Turrell, sai na ji kamar Turold ɗin nan nake shirin faɗa.

Da muka iso ya shiga maƙabartar da ke bayan wannan bango, ya bi kaburbura yana karantawa. Gosling. Durrant. Ansell. Sunayenku ne, ku da kuke zaune a nan, ga su kuma kamar waɗanda aka kira a bakin teku. Bai taɓa cewa ya tabbatar mu ne jikokin mazan nan ba. Yakan ce, “Ba zan rantse a kotu ba, amma ina mazan nan suka tafi in ba nan ba?” Shekara ta zagayo ya ɗauko babbar mota ya bi gida-gida yana kwasar mu zuwa Osselbec. Mabel Gosling ta tsaya a ƙofar shagonta ta riƙe ƙugu ta ce, “Ni fa ba Bafaranshiya ba ce, Sir Jocelyn!” Ya ce, “Wa ya ce ke ce, Mabel? Kakanki ne ya makara a hanya.” Ta shiga motar tana mita har bakin teku. Da aka kira Goscelin ita ce ta amsa, ta kuma fashe da kukan da sai da matan can suka riƙe ta. Ni ma na amsa. Ba na son in bayyana muku abin da na ji.

Ya kasance, tun daga wannan lokaci, mutum mai tsoron ruwa a madadinmu. Ganuwar kogin da ta tsare mana gidaje a ambaliyar bara, shi ya matsa aka gina ta, ya ba da gonarsa mafi kyau aka bi da ita ta ciki. Ya kasance ya daina zama a kujerar gidansu ta gaban majami'a, sai can baya tare da mu.

Ranar da ya rasu ina wurin, da la'asar, rana na shigowa ta taga. Ya yi watanni bai taka ƙasa ba. Ya buɗe ido ya ce, “Crispin, ruwa ya janye. Hanya ta buɗe.” Na ce masa teku na da nisa daga nan. Ya ce, “Kai dai da musu.” Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Da na ɗaga bargo na tarar ƙafafunsa a jiƙe suke, da sanyi. Zan iya ce muku gumi ne, haka ma na gaya wa kaina. Amma ɗakin duka ƙanshin gishirin teku yake, kuma Uwargida Venetia ta ji shi kafin ni.

Yanzu, Piers, ɗana, ka yafe min in yi maka magana a gaban mutane. Ni na karɓi haihuwarka, ina da wannan haƙƙi. Tun da aka ƙona gawar mahaifinka, tokarsa tana ɗakin karatunsa har yau. Kana so ka sa shi a kabarin gidanku kusa da Turstin, inda duk Osselbeck ke kwance, kuma ba wanda zai ga laifinka: ɗa ne ke son ubansa kusa da shi. Amma ka san abin da ya roƙa. Ya ce a ƙetare da shi, a zuba shi a kan yashin Osselbec kafin ruwa ya dawo. Ya ce an yi wa mutanen nan rantsuwa, kuma ya kamata ko mutum ɗaya na gidan ya koma ya zauna. Ba kai kaɗai za ka ɗauke shi ba. Mu da ya kai mu, mu za mu raka ka. Uwargida, ki taya mu roƙonsa.

Muna godiya ga mai girma Bishop da manyan baƙi, ga matan da suka yi girki, ga Madam Ozenne da mutanenta da suka sha wahalar hanya don wanda kakansa ya yashe su.

Allah Ya ji ƙan Jocelyn, Ya yafe masa, Ya yafe wa Turstin ma, in da sauran dama. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri. Allah Ya hutar da matan da suka tsaya a bakin ruwa suna jira har ruwan ya zo musu. Mu kuma, ranar da za a kira sunayenmu, Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar amsawa.

Amin.