Jarkar Malam Idi a Bakin Tiga

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙunmu, barkanku da aiki. Ni ne Garba, ma'aikacin masaƙa a Sharaɗa.

Ranar Lahadi muka yi shatar mota zuwa madatsar ruwa ta Tiga shan iska. Abokin aikinmu Malam Idi, mutumin Nijar, ya riƙo jarkar ruwa tun daga gida, wai kada mu rasa na alwala. Da ya ga ruwa iya ganinsa, sai ya ce, "Garba, ina ma Innata da ke Damagaram ta ga wannan."

Mun shiga kwalekwale, mun ci soyayyen kifi. Da za mu taso ya hana a zubar da ruwan jarkar, sai da muka shanye, sannan ya cika ta da na Tiga, tsarabar Inna.

Ku gaishe min da shi. Masu sauraro, ruwan nan zai kai Damagaram bai lalace ba?