Ajina Ya Yi Shiru, Hedimasta Ya Ce Barci Muke Yi

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Malama Ladidi, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Kwamba. Raina a ɓace nake rubuto maka.

Tun da aka fara karatun kyauta ajina ya cika maƙil. Kullum yara na rera lissafin sau baki ɗaya, har a titi ana jin mu. Ran nan na tsayar da Asabe, wadda ta fi kowa ɗaga murya, na ce, "Shida sau bakwai?" Sai ta faro daga shida sau ɗaya tana rerawa, ta ɓace a hanya, ta fashe da kuka. Na gwada wasu, duk haka. Ashe waƙa suka haddace!

Na tuna malaminmu na kwaleji yakan ce ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da ta wahala kafin ta tuno. Sai na hana rerawa. Yanzu daga tsakiyar lissafin nake jefo tambaya, kowa ya yi shiru ya rubuta amsarsa.

Jiya hedimasta ya leƙo, ya ce, "Malama, ba na jin ajinki daga ofis. Barci kuke yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tunani suke yi." Ya ce sufeton makarantu zai zo ran Litinin, in ba a ji muryoyi ba, ƙauyen bayan Izom za a tura ni.

Malamai 'yan'uwana, ku ba ni shawara. In na dawo da waƙa na tsira, amma da wane ido zan dubi Asabe, wadda shekaranjiya ta miƙe ita kaɗai ta ce, "Arba'in da biyu"?