Kyaftin Bunsuru a Cikin Roba

A kasuwar tsofaffin littattafan zane ta Toledo, wata tsohuwa mai suna Dolores ta tsaya gaban wani mai tebur.

"Ɗana, buɗe min wannan Kyaftin Bunsurun."

"Haba Mama! A liƙe yake cikin roba. Ana buɗewa darajarsa ta zube."

"Babana ya zana shi. Kamfani ya hana su sa suna, sai ya zana fuskar mahaifiyata cikin mutanen da bunsurun ya ceto. Ba mu da hotonta ko ɗaya."

"Allah sarki. Ni kaina ban taɓa karanta shi ba."

Dolores ta shafa robar.

"Bunsurun da ke fasa kurkuku da ƙaho yana surutu. Dubi inda ya ƙare."

"In juya miki bayansa?"

"Tallan keke ne kawai a bayan, ɗana. Na sani."