Wasan da Ya Ceci Shanuna

Malam mai karanta wasiƙu, ina gaisuwa. Ni ne Buba, makiyayi daga Ɗanzomo.

Makon jiya ka karanta wasiƙar wani Alhaji da ya ce En'e ta daina kashe kuɗi kan 'yan wasan kwaikwayo, wai shashanci ne. Alhaji, ƙarya kake!

Bara na ƙi kai shanuna allura, sai na ga wasansu a kasuwar Maigatari: makiyayi ya ƙi allura, ya wayi gari daga shi sai sandarsa. Washegari na kora garkena zuwa wurin allura. Yayana ya ce shirme ne, bai kai nasa ba. Ciwon bushiya ya zo, saniya biyu ya bar masa.

Alhaji, ko akuya ba ka kiwo. Kuɗin nan jangalina ne, na ce a ba su! A gaishe mini da 'yan wasan.