Tsagar Girar Kyaftin

A bencin shagon aski, wani saurayi ya ƙura wa girar dattijon da ke gefensa ido.

"Baba, wannan tsagar irin ta kyaftin ɗin fim ɗin yaƙin taurari ce, ko?"

"Tun ina saurayi nake aske ta saboda shi."

"Kun ga sababbin finafinan da suka nuna ƙuruciyarsa?"

"Kar ka tuna min! Muna ta cewa dodon wata duniya ne ya yakushe shi, ashe ƙofar banɗaki ce ta buge shi."

"Har da kuka, Baba, yana kiran mamarsa!"

"Yanzu jikokina Kyaftin Banɗaki suke ce min."

"To ku bar gashin ya fito mana."

"Yaro, tun bara nake lallashinsa. Ya ƙi."